Zauren Katako da Ƙarfe: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu daga Saudiyya

Wasiƙun wannan fitowar duk daga ƙasar Saudiyya suka zo, daga 'yan'uwa masu taɓa aikin katako da walda a gida don sha'awa da biyan bukatar iyali. An taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, amma ba a taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a unguwar Ruwais a Jidda, kuma nakan yi aikin katako a saman benenmu ranakun Juma'a da Asabar. Na haɗa teburin cin abinci da katakon suwaidi, faɗinsa santimita 80. Na manne allunan da gam, na gicciya sanduna a ƙarƙashi na ɗaure su da sukurori ta ko'ina don ya yi ƙarfi, sannan na shafa banish a samansa. Bai yi wata biyu a falo ba sai allo ɗaya ya tsage daga bakinsa, ba a kan haɗin ba, tsakiyar teburin kuma ta yi tozo. Mai katakon ne ya cuce ni, ko gam ɗin ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Ban ga alamar cuta a nan ba, gam ɗin ma ya yi aikinsa, domin da shi ne ya gaza da a kan layin haɗin za ka ga rabuwar. Abin da ya faru shi ne ka haɗa teburin a cikin wata iska, ka kai shi ya zauna a cikin wata. Katako, ko ya shekara hamsin da yankewa, bai daina shan laima daga iska yana kuma mayar da ita ba. Idan ya sha ya kumbura, idan ya fitar ya tsuke. Katakon da ya daɗe a inda laimar iska ta kai kashi 75 cikin ɗari, abin da ba baƙo ba ne a saman bene a Jidda saboda kusancin Bahar Maliya, yakan riƙe ruwa kimanin kashi 14 cikin ɗari. A falon da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana, inda laimar kan sauko wajen kashi 40, katakon nan zai ci gaba da bushewa har sai ya dawo kimanin kashi 8. Ga shi kuma suwaidi, wanda ake shigo da shi daga arewacin Turai, yawancinsa na aikin gini ne, ba a busar da shi kamar yadda ake busar da katakon kayan ɗaki ba.

Tsukewar ba ta tafiya daidai ta kowane ɓangare. A tsawon allo kusan babu ita, a faɗinsa take. Fuskar teburi mai faɗin santimita 80 tana iya raguwa da rabin santimita zuwa santimita guda a irin wannan canjin, alhali sandunan da ka gicciya a ƙarƙashinta ba su ragu ba ko kaɗan, da yake tsawonsu ne ya bi faɗin teburin. Fuskar tana neman tsukewa, sukurori sun hana ta, sai ta nemi inda ta fi rauni ta dare. Tozon kuwa daga banish ya samo asali: ka rufe sama ka bar ƙasa a buɗe, sai ƙasan ya riga saman bushewa, ya ja gefunan biyu ya bar tsakiya a ɗage.

Duk ranar da ka sami sarari ka shiga Balad, tsohon garin Jidda da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ka tsaya gaban Gidan Nasif da aka gama gininsa a 1881, ko gaban kowane gida mai tagogin roshan, wato tagogin katako masu fitowa waje daga bango, ka dubi ƙofofin da allunan da idon kafinta. Za ka ga ƙananan alluna ne zaune cikin tsagin firam, kowanne da ɗan sararinsa, ta yadda zai kumbura da laimar teku ya tsuke da zafin rana ba tare da ya karya na kusa da shi ba. Kafintocin da suka yi su sun kuma zaɓi katako mai jure laima irin wanda jiragen ruwa ke kawowa daga Indiya da Jawa. A ganina duk mai koyon aikin katako a Jidda yana da makaranta kyauta a waɗannan lungunan, kuma abin takaici ne yadda da yawanmu ke wucewa ba mu ɗaga kai ba.

Teburinka bai mutu ba. Ka kwance sukurorin, ka ɗora fuskar a kan sanduna biyu a cikin falon da zai zauna, iska na ratsa ta sama da ƙasa, ka bar ta mako biyu zuwa uku; sau da yawa tozon kan ragu da kansa. Daga nan ka bi tsagewar da zarto ka raba allon gida biyu, ka daidaita bakunan, ka sake manne su ka matse. Wajen mayar da fuskar, sukurun tsakiyar kowace sanda kaɗai za ka ɗaure a ramin da ya yi masa daidai. Ramukan gefe ka tsawaita su ta hanyar faɗin teburin, ka sa wa kowane sukuru washa, wato ɗan zoben ƙarfe, ka ɗaure shi daidai wa daida don katakon ya iya zamewa. Banish kuma sau nawa ka shafa a sama, ka shafa haka a ƙasa da bakunan allunan, domin ta baki ne katako ya fi saurin sha da fitar da ruwa. Nan gaba ka shigar da katako ɗakin da zai zauna tun kafin ka sa masa zarto, kuma kada faɗin allo guda ya wuce santimita 10 zuwa 12. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya ya yi fuskar teburinsa da ablakash mai kauri ya kewaye bakinta da katako mai tauri da ake kira zan, domin ablakash falle-falle ne da aka gicciya aka manne, kowane falle yana hana ɗan'uwansa motsi.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Misfala, Makka. Na tara kuɗi na sayi ƙaramin injin walda na zamani marar nauyi, ina son in yi wa mahaifiyata kantar ajiye tukwane da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurin jikinsa milimita 1.2. Da sandar walda mai kaurin milimita 3.2 nake aiki. Duk inda na taɓa sai ya huje, firam ɗin da na samu na haɗa kuma ya karkace. Bayan haka ranar da na fara aiki idanuna sun hana ni barci, abokaina suka ce in ɗora dankali.

Amsa: Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya sa mahaifiyarka ta ji daɗin abin da hannunka zai yi mata. Da idon zan fara, domin ya fi kantar daraja. Hasken walda yana ƙona fatar da ke saman ƙwayar ido, kuma zafin ba ya bayyana sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa yakan tashi mutum cikin dare da hawaye da jin tsakuwa a ido. Yawanci yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu. Dankali sanyi kawai yake bayarwa, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya fi shi aminci a kan rufaffen ido. Kada ka ɗiga madara ko wani abu da ba likita ya ba ka ba, kada kuma ka nemi maganin kashe zafin ido ka riƙa ɗigawa da kanka, domin yawan amfani da shi yana lalata ido. Idan zafin ya wuce kwana biyu, ko ganinka ya ragu, ko kana zargin ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, ka tafi asibiti a ranar. Ka sayi hular walda mai rufe fuska duka, gilashinta lamba 10 ko 11. Tabarau na rana ba ya kare komai. Kada ka yi walda cikin jallabiyar leda, domin tartsatsi na narkar da ita ta manne a fata. Ka sa tufafin auduga mai kauri, da safar hannu ta fata, da rufaffen takalmi, ka kuma kare wurin da allo ko buhu mai kauri don yaran gida, waɗanda ba za su iya hana kansu kallon hasken ba.

Hujewar kuwa daga sandar take. Sanda 3.2 tana bukatar wuta tsakanin amfiya 90 da 130, ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 kuma ba zai iya ɗaukar wannan zafin ba. Ka nemi sanda mai lamba 6013, kauri milimita 2, ka sa injin tsakanin amfiya 40 da 55. Idan ba ka samu ba ka ɗauki 2.5 ka tsaya wajen amfiya 60. Ka juya wayoyin injin, maƙalar sanda a kan alamar ragi, maƙalar ƙasa a kan alamar ƙari, domin haka wutar ba ta nutsewa da zurfi. Ka yanka bututun su haɗu ba rata, domin a siririn ƙarfe ƙaramar rata ita ce farkon rami. Sannan ka bar tunanin jan dogon layi. Ka ɗosa sandar na kimanin daƙiƙa ɗaya, ka ɗaga, ka dubi ɗigon ta cikin gilashi yana ja, da zarar jan ya fara dushewa ka sake ɗosawa a kan rabinsa. Haka za ka bi har ƙarshen haɗin, sannan ka ƙwanƙwashe kashin waldar ka ga ɗigon sun jeru suna hawa kan juna. Kafin ka taɓa kantar, ka ɓata sanduna goma ko fiye a kan guntaye.

Karkacewar firam tana da dalili makamancin na teburin da ke sama, sai dai a nan zafi ne ke motsa abin. Walda idan tana hucewa takan tsuke ta jawo ƙarfen zuwa ɓangaren da aka yi ta. Wanda ya gama kusurwa ɗaya kaf kafin ya koma ta biyu zai tarar firam ɗin ya riga ya bar hanya. Ka shimfiɗa bututun a ƙasa mai daidaito, ka matse su, ka ɗosa ɗigo ɗaya a kowace kusurwa, sannan ka ɗauki tef ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye, ka auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu ya zo ɗaya firam ɗin ya zauna daidai. Idan bai zo ba, ɗan bugu da guduma a kan doguwar kusurwar zai gyara shi tun ɗigon bai yi yawa ba. Bayan haka ka riƙa cikawa kana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa kishiyarta, ciki da waje, kana barin ƙarfen ya huce.

Abu biyu kuma da ba ka tambaya ba. Idan bututun mai farin shafe ne na hana tsatsa, ka goge shafen daga inda za ka yi walda, ka yi aikin a fili, domin farin hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki, kuma shan madara da masu walda ke yi ba ya hana shi. Sannan tsofaffin gidajen Makka da yawa har yanzu suna da soket mai bolt 127 tare da mai 220, tun kafin shawarar da gwamnati ta yanke a 2010 ta komawa bolt 230 sannu a hankali. Ka tabbatar da wanda za ka jona, kuma wayar ƙarin da za ka ja kada kaurinta ya gaza milimita murabba'i 2.5, ka warware ta duka daga kan abin naɗinta don kada ta yi zafi.

Tambaya: Malam, ni uwar gida ce a Madina. Maigidana yakan kawo min katakon tabliya, wanda ake ɗora kaya a kai a manyan shaguna, ina yin ƙananan kantoci da akwatunan shuka da shi. Yanzu ina son in yi faifan yanka nama da tiren dabino. Ya dace?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kantoci da akwatunan furanni ba laifi, amma abin da zai taɓa abinci ban ba ki shawarar yin sa da tabliya ba. Ki duba gefen kowace tabliya da ta ƙetaro daga wata ƙasa, za ki ga hatimi mai zanen zangarniya da haruffan IPPC, sai haruffa biyu na sunan ƙasar da aka yi ta, sai alamar yadda aka kashe ƙwarin da ke cikinta bisa wata ƙa'idar duniya da aka amince da ita a 2002. Idan an rubuta HT, dumama katakon aka yi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ba magani a ciki. Idan MB ne, an turara shi da iskar guba mai kashe ƙwari. Wannan ki bar shi, kada ya shiga ɗaki, kada kuma a ƙona shi a gasa nama. Sai dai hatimin labarin ranar da aka ƙera tabliyar kawai yake bayarwa. Ba ya faɗa miki ko ta ɗauki maganin feshi, ko batir, ko ta kwana cikin ruwan kwata a tashar jiragen ruwa, kuma katako mai laushi yana tsotse duk abin da ya zube masa. Duk mai tabon mai ko baƙon wari ki mayar da ita. Masu fenti shuɗi ko ja kuwa yawanci mallakar kamfanonin da ke bayar da hayarsu ne, saboda haka maigida ya tambaya kafin ya ɗauko.

Faifan yanka ki yi shi da sabon katakon zan, wanda ramukan jikinsa ƙanana ne ba ya riƙe ruwan nama. Guntayen da kafintoci ke ragewa sun ishe ki, kuma ba su da tsada. Ki goge shi da sanfefa daga lamba 80 zuwa 120 zuwa 220, ki shafa masa farin man farafin na kantin magani, wanda ba ya wari idan ya daɗe kamar man girki. Ki guji MDF a kusa da wurin wanke-wanke, domin garin katako ne da gam, da ya sha ruwa yake kumbura ba ya komawa. Wajen gugar kowane katako ki rufe hanci da baki, ki kuma zare ƙusoshin tabliya kaf kafin zarto ya bi ta kai.

Tambaya: Malam, na daɗe a unguwar Jarwal a Makka, yanzu shekaru sun ja ina shirin komawa gida Kano. Ina da diril, da giranda, da zarton teburi, da injin iska, da injin walda. In yi kago da su, ko in sayar in sayi wasu a can?

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa a tarar da iyali cikin alheri. Bolt ɗin ba zai dame ka ba matuƙar kayan na 220 ko 230 ne, domin Najeriya ma a kan 230 take, filogi mai ƙafa uku masu faɗi kuma shi ne ake amfani da shi a ƙasashen biyu. Bambancin yana wajen bugun wutar: ta Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar sau 50. Ka ɗauki tabarau ka karanta farantin da ke jikin kowane inji. Duk wanda aka rubuta masa 50/60 ka sa shi a kago ba fargaba.

Diril da giranda da zarton hannu, masu ɗan gawayi a cikin motar lantarkin da ke juya su, ba ruwansu da wannan bambancin. Ƙananan injinan walda na zamani da cajojin batir ma galibi suna karɓar duka biyun. Inda za ka tsaya ka yi tunani shi ne injin iska da zarton teburi idan motarsa babba ce marar gawayi, da tsohon injin walda mai nauyi. Mota irin wannan da aka ƙera don 60 kaɗai, idan ta sami 50, gudunta zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, wadda ke juyi 3,450 a minti ta dawo wajen 2,850, kuma za ta riƙa jan wuta fiye da ƙima tana zafi ko ba ta ɗauki nauyi sosai ba. Taransifoma ba ta gyara wannan, domin bolt take canzawa, ba bugun wuta ba. Idan ka haɗa da yadda wuta kan yi ƙasa a unguwanninmu na Kano, da zafin watan Afrilu, motar ba za ta daɗe ba sai ta kai ka wajen masu naɗin waya. Shawarata ka sayar da duk mai lamba 60 kaɗai a nan inda yake da daraja. Kayan hannu kuwa, irin su zarto, cizal, sukwaya da abin matse katako, kada ka bar ko ɗaya. Ka shafe su da mai ka naɗe cikin takarda, domin kwantena takan yi makonni a teku kuma tsatsa ba ta jira. Idan da janareta za ka riƙa walda, ka nemi mai ƙarfin da bai gaza kilowat 5 ba.

Tambaya: Malam, daga Ɗa'if nake. Na sami duro da aka zuba tina, ruwan tsinka fenti, a ciki, na wanke shi da sabulu sau uku, ina son in raba shi biyu da giranda in yi abin gasa nama. Kuma zan iya ɗaura faifan zarton katako a jikin girandar in yanka katakon hannunsa?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun kada ka yi, ina roƙonka. Duron da ya taɓa ɗaukar tina ko fetur ko wani mai kama wuta, ragowar tana maƙalewa a cikin naɗin bakinsa da ƙarƙashin tsatsa inda sabulu ba ya kaiwa. Da ƙarfen ya ɗumama sai ta zama tururi ta gauraya da iskar da ke ciki, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya fasa duron a fuskar mai yankan. Duron da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari a wannan fuska, domin iska ce ta cika shi. Ka sayi falankin ƙarfe baƙi mai kaurin milimita 2 zuwa 3, masu sayarwa su yanka maka su lanƙwasa, ka haɗa da walda. Zai fi duro daɗewa a kan garwashi, kuma babu fenti ko shafen da zai shiga naman.

Giranda mai faifan milimita 115 tana juyi kusan 11,000 a minti, ba ta da gindin da za ta zauna a kan katako, ba ta da murfin da ke rufe haƙora. Da haƙoran zarto sun cije a kulli sai ta fizge daga hannu ta dawo kan mai riƙe da ita kafin ya saki makunni. Katakon hannun abin gashi zarton hannu zai yanka shi cikin minti biyu. Wajen yankan ƙarfen ma ka bar murfin girandar a wurinsa, ka sa tabarau na kariya, ka duba adadin juyin da aka rubuta a jikin faifan kada ya gaza na injin, ka kuma duba shekarar da aka buga a zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, domin gam ɗin da ya riƙe faifan yana tsufa, musamman wanda aka ajiye a zafi ko laima. Ka kawar da tukunyar gas da kwali daga inda tartsatsin ke zuba, ka ajiye abin kashe gobara mai hoda kusa da hannu, kuma kowa a gidan ya san lambar neman agajin 'yan kwana-kwana a yankin Makka, inda Ɗa'if take, ita ce 911.